Nutso da tukunyar iska ko iyo da bututu a tsibiran Poor Knights?

Tambayar nan ta ƙi ƙarewa: wanda ya je tsibiran Poor Knights, a arewacin Niyu Zilan, ya nutsa da tukunyar iska ne, ko ya tsaya a saman ruwa da gilashin ido da bututun numfashi?

Daga Tutukaka ake hawa jirgin ruwa, tafiyar kilomita ashirin da wani abu, kuma an haramta taka tsibiran. Wajen kuɗi, mai bututu ya huta. Mai nutso kuwa sai ya yi hayar kaya, ga horon matakin farko na kwana 3 zuwa 4, wanda iyakarsa zurfin mita 18.

An killace wurin a 1981, aka hana kamun kifi gaba ɗaya a 1998, shi ya sa kifi ba ya gudun mutum. Kana kwance a sama, garken shuɗayen kifayen da ake kira maomao zai wuce ƙarƙashin cikinka. Amma kifayen nan masu faɗi kamar faifai, masu ƙaya a wutsiya, da ke taruwa a mashigin duwatsu lokacin zafi, sai wanda ya gangara zai kalle su ido da ido. Nan kam nutso ya yi zarra.

Haɗari fa? Mai nutso in ya taso da garaje, iska na iya yin kumfa a jininsa, kuma ba ya hawa jirgin sama sai bayan aƙalla awa 12. Mai bututu, sanyi da igiyar ruwa ne damuwarsa.

Mai iyali da mai kwana ɗaya, bututu ya wadatar. Mai takardar nutso da zai kwana biyu, ya goya tukunyarsa.