Daɓen efoksi da ya ƙi bushewa: kankarewa ko ƙara wani shafi a kai

Malam, tsakanin shawarwari biyun da masu aiki suka kawo maka, wato a kankare daɓen efoksin (shafin nan mai kama da roba da ake malalawa a kan siminti) da ya ƙi bushewa a sake zubawa, ko kuma a malala sabon shafi a kansa don ya rufe danƙon, ka ɗauki kankarewa, ko da yake ita ce ta fi cin kuɗi da wahala a yau. Sai dai kafin ka kira mai injin gurza, ka danna farcenka a wurare daban-daban na daɓen. Idan ƙasan yana da tauri, sama-sama ne kawai kake jin maiƙo-maiƙo, to laimar iska ce ta haɗu da sinadarin yayin da yake sandarewa, abin da ya fi faruwa a tsakiyar damina, kuma ruwan ɗumi da omo da soso sun isa su wanke shi, babu buƙatar kankare komai. Idan kuwa farcen ya nutse, ko kuma abin ya biyo yatsanka, to haɗin ne ya ɓaci tun daga bokiti.

Dalili shi ne efoksi ba ya bushewa irin yadda fenti yake bushewa da iska da rana. Ruwa biyu ne, A da B (B shi ne mai sa A ya yi tauri), waɗanda dole su haɗu a kan ma'aunin da kamfanin ya rubuta a jikin galan, wani 2 da 1, wani 4 da 1, wani da awon lita, wani da nauyin sikeli, sa'an nan su sandare. Duk ɓangaren da bai sami rabonsa na B ba zai zauna da danƙonsa ko da an shekara ana kunna masa fanka. Ƙara B fiye da ƙima kuma ba ya sa shi saurin kamawa, hasali ma ɓata shi yake yi, domin rarar ba ta da abin da za ta haɗu da shi.

Shagona na sayar da kayan waya ne ya koya mini wannan. Wanda ya fara yi mini aikin da ido yake awo, da guntun katako yake juyawa, kuma ya kan kalace gindin bokitin ya zazzage a ƙasa don kada kaya su yi asara. Tsakiyar shagon ta yi kyau, amma bakin ƙofa da jikin bango suka zauna da danƙo, ƙurar hunturu ta manne musu, sawun takalmin kowa ya fito. Dattijon da aka haɗa ni da shi daga baya bai yi dogon bayani ba. Ya durƙusa da faffaɗan ƙarfen kankara ya ɗebe duk inda yake da laushi har sai da siminti ya bayyana, ya goge ragowar da tsumma da asiton (ruwan sinadari mai narkar da danƙo), yana canza tsumman a kai a kai don kada ya riƙa yaɗa danƙon, sa'an nan ya kawo injin gurza ya bi ta kan wurin har ma da gefen da ya yi tauri, domin sabon zubin ya sami abin kamawa. Ya hana yaronsa taɓa wurin da samfefa tun kafin a kankare, domin danƙon toshe ta yake yi nan take. Da ya zo haɗi, sikeli ya ajiye, ya juya da inji a hankali kamar minti 3, ya juye a wani bokitin mai tsabta ya sake juyawa, kuma bai yarda an kalaci gindin bokiti ba. Washegari aka taka, ya ce kada a ja kaya masu nauyi sai an cika kwana 7. Har yanzu a kan daɓen nan ake jan katan-katan, kuma ko kusa ba za ka gane inda aka yi gyaran ba.

Shafin da ake ƙarawa a kai kuwa, na taɓa sayen galan guda da aka rantse mini zai busar da na ƙasa. Saman ya yi tauri, ƙasan yana nan da laushinsa, ƙafar kujera ta farko da ta hau shi ta yamutsa shi. Iyakar inda zan yarda da shi shi ne daɓen da ya riga ya yi tauri, aka wanke aka gurza.

Akwai hali guda da haƙuri yake aiki. Idan a tsakiyar hunturu aka zuba, musamman a gari mai sanyi irin Jos, kuma danƙon iri ɗaya ne a ko'ina, babu wurin da ya fi wani, to mai yiwuwa sanyin simintin ne ya rage masa sauri, domin ƙasa da digiri 10 yawancin efoksi kusan tsayawa yake yi. A rufe ɗakin, a ɗumama shi da hita na kwana biyu zuwa uku. In bai canza ba, a daina ɓata wuta.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayar da kayan. Wasu suna tsinka A da tina don ya yi auki, su ɗura a jarkar da babu suna, babu ma'auni, babu ranar lalacewa. Wasu kuma rezin ɗin da ake aikin faiba da shi suke miƙa wa mutum da sunan efoksi, alhali shi wannan ɗabi'arsa ce samansa ya zauna da danƙo idan iska tana taɓa shi. Alamarsa ba ta ɓuya: yana da wari mai hawa kai, kuma 'yar ƙaramar kwalba ake ba ka a matsayin B na jarka guda. Kada ka karɓi abin da ba a rufe yake da hatimin kamfani ba, kuma ka sa mai aiki ya haɗa kofi ɗaya ya zuba a kan kwali a gabanka, ku ga ya yi tauri washegari, kafin a taɓa daɓen.

Bayan an kankare, ka manna leda a kan simintin da salatif ta kwana. In ka ɗaga ka ga raɓa a ƙarƙashinta ko wurin ya yi duhu, akwai danshi, a jinkirta zubin. Idan simintin sabo ne, a bari ya cika kwana 28. Ranar da za a yi aiki da asiton a buɗe tagogi, a sa safar hannu, kuma a nisantar da janareta da murhu da mai shan taba, domin tururinsa yana kama wuta da sauri. Wanda ya lalata aikin farko kuma kada ka ba shi na biyu sai in ya zo da sikeli.