Inkscape da SVG ɗin da aka rubuta da hannu: gwanin zane ne, amma kada a ba shi ajiya

Ga mai haɗa tambarin shago ko hatimi a nan Damagaram, Inkscape, wato manhajar zane a kwamfuta, ya biya bukata. Kyauta ne, kuma yana aiki ko babu intanet. Matsalarsa tana fitowa ne idan fayil ɗin SVG, wato zanen da ake ajiyewa a matsayin rubutu, da hannu aka rubuta shi, layi bayan layi, sannan aka buɗe don a ɗan gyara wata lanƙwasa.

Da zarar an adana, ya sake rubuta fayil ɗin gaba ɗaya. Yana ƙara nasa bayanan masu farawa da sodipodi da inkscape, yana manna id, wato sunan shaida, a kan duk abin da ba shi da shi, ya kuma sake jera layukan yadda ya ga dama. Wanda ya fi ciwo shi ne launi: in ka canza shi da linzamin kwamfuta, sai ya rubuta shi cikin style a jikin siffar, wannan kuwa yana rinjayar class ɗin da ka tsara a CSS, wato dokokin launi da salo da ake rubutawa a wuri guda. Gobe ka canza launi a CSS, tambari ya ƙi canzawa. Lambobi ma haka, inda ka sa 40 sai ka tarar da 39.999998, galibi don faɗin shafi yana cikin milimita, bai dace da viewBox, wato ma'aunin cikin zanen, ba. Raba rukuni kuma yana tura transform ɗinsa, wato umarnin matsar da zane ko juya shi ko canza girmansa, cikin kowace siffa.

Akwai saiti masu rage ɓarna. A sashen fitar da SVG, daidaiton lamba, wato yawan alƙaluman da ake rubutawa, yana kan 8, a rage shi zuwa 4 ko 5 don ƙaramin tambari. A daidaita ma'aunin shafi da viewBox, ɗaya da ɗaya, kafin a taɓa komai. Adanawa a nau'in fayil mai suna SVG simple tana cire bayanan Inkscape amma id suna nan. SVG optimisé, wanda manhajar tsaftace fayil mai suna Scour ke yi, ya fi tsafta, sai dai a duba zaɓinsa, don yana iya share sharhin da ka rubuta ko ya gajarta sunayen id da JavaScript, wato shirin da ke sarrafa shafin intanet, ke nema.

Duk da haka, babu saitin da ke maido da fayil yadda mai shi ya rubuta. Hanyar da muka amince da ita: a yi kwafi, a gyara lanƙwasar a kwafin, a danna Shift+Ctrl+X don ganin XML, wato rubutun fayil ɗin, a kwashe abin da ke cikin d (lambobin da ke zana siffar) na path ɗin da aka gyara kaɗai, a liƙa a asalin fayil da manhajar rubutu. A tabbata babu transform a kansa ko kan rukuninsa, in ba haka ba siffar za ta goce. Mai amfani da Git, manhajar da ke bin sawun canje-canjen fayil, ya duba bambanci, layi ɗaya ya kamata ya canza.

Zanen da za a kai wurin bugawa kawai ba ya bukatar wannan wahala, a adana kai tsaye.