Kalangu cikin gilashi ko wanda za ka matsa da hannunka?

Gidajen tarihi na kayan kiɗa iri biyu ne yanzu. Na farko shi muka sani, a jera goge da gurmi da algaita bayan gilashi, a liƙa 'yar takarda, kai dai kallo. Amfaninsa kayan na daɗewa, ba ruwanka da kuran, kuɗin kula kaɗan ne. To amma kalangu da ba a matsa tsarkiyarsa a hammata ba ai itace ne da hwata kawai, ta yaya yaro zai gane matsin nan ne ke sa shi magana?

Na biyun shi ake yayi a Turai da Amurka. A Haus der Musik, gidan tarihin kiɗa na Biyana, babban birnin Ostiriya, da aka buɗe a 2000, matakalar bene kanta fiyano ce, kowane taki da sautinsa, kuma akwai inda za ka riƙe sanda ka jagoranci makaɗa a allo, ka yi sauri su yi sauri. A birnin Phoenix na Amurka kuwa, gidan kayan kiɗan da aka buɗe a 2010, abin ji ake sa maka a kunne, kana matsowa kusa da kaya sautinsu na tashi da kansa, ga ɗaki guda na taɓawa da bugawa.

Wallahi na biyun ya fi daɗi nesa ba kusa ba. Sai dai a Maradi, da ƙurar hunturu da zafin watan Afrilu da ɗaukewar kuran, allon taɓawa wata nawa zai yi kafin ya mutu, wa zai gyara? Ni da za a tambaye ni, tsofaffin kayan su zauna a gilashi, a sassaƙo sababbi na bugawa, a ɗauko makaɗi a riƙa biyansa ya zauna da yaran lakwal ranar Asabar.