Gwiwa nake fara dubawa: wace 'yar tsana mai gaɓoɓi za ki saya?

Kafin in kalli fuskar 'yar tsana, gwiwarta nake fara lanƙwasawa. Idan ba za ta iya durƙusawa ta zauna a kan dugaduganta ba, to komai kyanta ba tawa ba ce. Masu tara 'yan tsanan kwalliya kashi biyu ne: akwai waɗanda ko kwalin ba sa buɗewa, akwai kuma irinmu da muke ɗinka musu kaya, mu zaunar da su, mu ɗauki hoto. Idan kina cikin kashi na farko, gaɓoɓi ba su dame ki ba. Da na biyun nake magana.

Ba zan ɓoye ba, zaɓina Barbie ce samfurin Made to Move. Tun 1959 kamfanin Mattel yake yin Barbie, amma mafi yawan waɗanda muka taso da su gaɓoɓi biyar gare su: wuya, kafaɗu biyu, cinyoyi biyu. Hannu a sandare, ƙafa a ɗage kamar ta sa dogon takalmi. Made to Move kuwa gaɓoɓi 22 ne a jikin da tsawonsa kusan santimita 29 ne kawai. Ba yawan ne ya burge ni ba, inda aka sa su ne. Gwiwar ƙafa da ta hannu kowacce maɗauri biyu gare ta, shi ya sa hannu yake naɗewa har tafin ya taɓa kunci, ƙafa kuma ta naɗe har dunduniya ta kai bayan cinya. Akwai gaɓa a ƙasan ƙirji da take ba ta damar karkata, akwai wata a dantse da wata a saman cinya masu juyawa, ga wuyan hannu ga idon sawu. Zaunar da ita ta tanƙwashe ƙafa, ki sa ta yi tagumi, ki ɗan sunkuyar mata da kai. Wanda ya ga hoton sai ya rantse wani abu ne yake damun ta.

Abu na biyu shi ne launin fata. Tana zuwa da launuka da yawa, daga fari tas har baƙi mai sheƙi, kuma jerin Barbie Looks da aka fara a 2021 ya kawo wannan jikin a siffar doguwa, gajeriya da mai ƙiba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai musanya kai, domin yawancinmu jikin muke saya mu ɗora masa kan da muke so. Wajen cire kan a yi a hankali. A cikin wuyan akwai ɗan maƙalin roba mai ƙugiya. Ki sa kan a leda ki tsoma a ruwan zafi har robar ta yi laushi, sannan ki riƙa matsa shi gefe da gefe kina zarewa. Idan kika fizge shi da sanyinsa, wuyan jikin ne zai tsage. Kuma ki gwada launin kai da na jiki a hasken rana, fitila tana ruɗi.

Tana da aibi, ban ce babu ba. Gwiwar nan da nake yabo ba ta da kyan gani idan siket gajere ne, kuma kayan da take zuwa da su ba abin a zo a gani ba ne. Amma wando yana rufe gwiwa, kaya kuma ana ɗinkawa.

Sauran fa? 'Yan tsanan kamfanin Integrity Toys, irin su Poppy Parker da Fashion Royalty wadda mai zanen tufafi Jason Wu ya ƙirƙira, babu mai ja da su a fuska da ɗinki, har zif ɗin rigarsu na gaske ne. Sai dai don tsayuwar gayu aka yi su, ba don durƙuso ba, ga tsada ga ƙarancin adadi. Monster High ta 2010 gaɓoɓinta sirara ne, ban cika sakin jiki da su ba. Rainbow High kanta ya yi wa jikinta nauyi. Obitsu na Japan shi ne kaɗai yake sa ni jinkiri: yana motsi yadda ake so, akwai mai santimita 24 da mai 27, amma galibi jiki ne zalla babu kai, launukansa kuma kaɗan ne. Smart Doll, wadda wani mai suna Danny Choo ya ƙirƙira, santimita 60 ce, sai ki fara nema mata wurin zama kafin ki saye ta.

Sai waɗanda ake zubawa da rezin, wato wani ƙaro mai tauri da nauyi, gaɓoɓinsu ƙwallaye ne da aka ɗaure da igiyar roba ta ciki. Kamfanin Volks ne ya buɗe wannan fagen da Super Dollfie a 1999. A nan na ƙone, kuma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Na ga wata mai santimita arba'in da 'yan kai a shagon wani mai sayarwa a intanet, kuɗinta bai kai rabin abin da na san ana sayar da irinta ba. Hotunan kamar ta yi magana. Na manta cewa araha ba ta ado, na yi cinikin biri a sama. Da ta iso, na sa mata hular gashin da aka yi daidai girman kanta, sai hular ta zamo har kan gira. Layukan leɓenta da na fatar ido duk sun dushe, kamar sabulun da aka yi wanka da shi sau biyu. Na lanƙwasa gwiwar don in durƙusar da ita, na ji ƙas, wani ɗan ɓalli kamar farce ya faɗo kan tebur. Na koma neman mai shagon, ko sama ko ƙasa.

Daga baya na fahimci yadda ake yi. Masu jabu sukan sayi ta asali guda ɗaya, su ɗauki zubinta, su riƙa zuba nasu rezin ɗin a ciki. Duk abin da aka sake zubawa daga wani sai ya ɗan tsuke, shi ya sa hular ta yi mata yawa. Gefen gaɓoɓi ma yakan fito da rauni, kuma wurin ne yake ɗaukar dukkan jan igiyar. Mai sassaƙar da ya yi watanni yana aikin fuskar ko sisi bai samu ba. Masu tarawa da yawa ba sa yarda a kawo irinta cikinsu, sayar da ita kuma sai kin yi ƙarya ko kin yi asara.

Alamomin ba ɓoyayyu ba ne. Shago ɗaya yana da 'yan tsanan kamfanoni goma, har da waɗanda aka daina yi shekaru da suka wuce, kuma kullum akwai su a ajiye. Yana ba ki zaɓin launin fatar da kamfanin asali bai taɓa fitarwa ba. Babu takardar shaidar asali, ko kuma akwai amma sai kin ƙara kuɗi a haɗa miki da ita, wanda shi kansa abin dariya ne. Blythe ma, mai ƙaton kai da idanu masu canza launi idan an ja zare, ba ta tsira ba. Ana sayar da wasu da sunan wai ragowar masana'anta ne, alhali jabu ne. Abin mamaki, ta asalin da kamfanin Takara ya dawo da ita a 2001 jikinta ba shi da wasu gaɓoɓi na kirki, don haka idan kika ga sabuwa fil mai gwiwar hannu da wuyan hannu a kuɗi kaɗan, kin san amsar. Har jikin Made to Move ana kwaikwaya. Na jabun ya fi sauƙin nauyi, ɗinkin robar yana da kaifi a gefe, gaɓoɓin kuma ko su ƙi motsi ko su yi sako-sako. A ƙasan bayan na asali akwai tambarin kamfani da aka zuba a jikin robar, ki ce a nuna miki.

Yanzu duk wanda zan sayi ta hannu a wurinsa, abu ɗaya nake roƙo: ya durƙusar da ita, ya rubuta kwanan watan ranar a takarda da hannunsa, ya ajiye a gabanta ya ɗauko min hoto, ya ƙara da na bayan gwiwa daga kusa. Mai gaskiya minti biyar ya ishe shi. Wanda ya fara kawo uzuri, nakan yi masa godiya in wuce.

Ita kuwa waccan mai ɓallin gwiwa tana nan cikin akwatin ɗinkina. A jikinta nake gwada riga kafin in sa almakashi a yadi mai kyau, kuma sai na ƙara ɗan sarari a kafaɗa saboda tsukewar nan tata.