Akodiyon ɗin Kejun: mai maɓalli 10 ko mai 31?

Ɗan'uwa, ka ce a sayen akodiyon, akwatin kiɗan nan mai zugazugi da maɓallai, kana tsakanin mai maɓalli 10 a layi ɗaya da mai 31 a layi uku. In dai kiɗan Kejun na kudancin jihar Luwiziyana a Amurka kake so, sayi mai 10, na muryar C, ka huta.

Ƙarancin maɓallan nan ne ke ruɗar mutane, sai a ɗauka abin wasan yara ne. Kowane maɓalli sauti biyu yake bayarwa, ɗaya in ka matsa zugazugin, wani dabam in ka ja, don haka 10 ɗin nan sauti 20 ne. Sannan a saman akwatin akwai 'yan sanduna huɗu da ake ɗagawa, kowace tana buɗe jerin siraran harsunan ƙarfe masu kaɗawa su fitar da sauti: jeri ɗaya mai kauri, biyu na tsakiya, ɗaya siriri. In ka ɗaga su duka, danna maɓalli ɗaya harshe huɗu yake kaɗawa lokaci guda, a hannun dama kaɗai harsuna 80 ke nan. Wannan ne ya sa tun kafin a sami lasifika, ɗan akwatin yana cika ɗakin rawa, yana danne sawayen mutane a kan daɓen katako. Hannun hagu kuwa maɓalli biyu kacal gare shi, sai na shan iska a ƙarƙashin babban yatsa, kuma shi ke riƙe kiɗan kamar yadda kanzagi ke riƙe wa babbar ganga.

Nawa ƙirar hannu ne, wani maƙeri a ƙauyen Luwiziyana ya yi mini. Ina shigowa da shi daga Hustan na tafi garin Yunis na Luwiziyana, shagon kayan kiɗa na Marc Savoy, wanda yake buɗe tun 1966, inda makaɗa kan taru da safiyar Asabar su yi ta kiɗa. A lokacin waƙa ɗaya na iya, ita ma da tuntuɓe. Wani dattijo mai gogen Turawa ya matsa mini kujera, ya ce in daina kallon yatsuna, in saurari ƙafarsa. Ya rage gudu saboda ni, sauran suka bi shi, har na kai ƙarshe ba tare da na tsaya ba. Babu wanda ya tambayi muryar da nake ciki, domin kusan duk akwatunan da ke ɗakin C ne, masu goge ma sun sassauta tsirkiyarsu ƙasa don su dace da shi. Dalilin da ya sa nake ce maka C ke nan: yawancin darussan koyo da shi ake yi, kuma duk inda ka zauna za ka sami abokan kiɗa. D yana da daɗi da kaifi, amma bar shi ya zama na biyu.

Kiɗan kansa a jikin wannan akwati ya girma. Daga Jamus ake shigo da su, kuma a shekarun 1920 ne Monarch da Sterling suka zo da C da D, waɗanda suka dace da goge. Joe Falcon da Cléoma Breaux da suka ɗauki faifan Kejun na farko a 1928, mai layi ɗaya Falcon ya kaɗa. Haka Amédé Ardoin, haka Iry LeJeune. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya yanke hanyar Jamus, sai mutanen yankin irin su Sidney Brown na Lek Carls suka fara ƙera nasu. Wannan tsalle-tsallen da kake ji a kiɗan, daga yawan sauya ja da matsawa yake fitowa, domin maɓallan ba su ba ka wata hanya ba. Gaskiya yana da iyaka: ba shi da sautukan tsakani, kuma in ka wuce C da G, sai ɗan F da dabara, ka gama.

Mai 31 kuma, na taɓa riƙe ɗaya na G da C da F, ya fi nauyi, muryarsa na rawa, na sayar. Ba laifinsa ba ne, kayan makaɗan zaideko ne, wani salon kiɗan Luwiziyana dabam, da na Meksikawan Tekzas. In can zuciyarka take, to shi ne naka, amma ba zai ba ka amon da ka ji har ka zo kana tambaya ba.

Abin da ba ka tambaya ba shi ne ya fi damuna. Mai ƙirar hannu sabo ya haura dala 2,000, shi ya sa 'yan damfara suka cika kasuwar Facebook da hotunan sata da farashi mai jan rai. Wani kuma zai ɗauko na kamfani mai arha, ya goge, ya ce maka aikin Luwiziyana ne. Kada ka tura ko sisi sai an kira ka ta bidiyo. A danna maɓalli ɗaya bayan ɗaya, ja da matsawa, kowace sanda ita kaɗai, ka ji ko akwai harshen da ya mutu. A riƙe shi ta gefe guda ba tare da an taɓa maɓalli ba: in zugazugin ya zube da sauri, yana yoyon iska. Ka nemi sunan maƙerin, su ba su da yawa, kuma yawanci suna gane aikinsu in ka tura musu hoto. Luwiziyana yanki ne na ambaliya da guguwa, don haka in ka je da kanka ka sansana ciki, warin danshi alamar tsatsa ce a harsuna. Duk wanda ya ce ka biya da katin kyauta, ko ya ce wani na hanya da kuɗi yanzun nan, rufe wayarka.

In aljihu bai kai mai ƙirar hannu ba, sayi na kamfani mai maɓalli 10 daga shagon da ke gyara akodiyon, ka sa su toshe yoyo su daidaita muryar irin ta Kejun kafin su aiko maka.