Manhajar Greenbook ta NAFDAC: iyakar abin da za ta gaya maka kafin ka sayi bitamin

Duk wanda ya shiga babban kemis a Kano ko Kaduna ya san kantar da ake jera kwalaben bitamin, da man kifi, da maganin ƙarin jini, da garin ƙarin ƙiba, da shayin rage tumbi. Kowace kwalba da irin adonta, kuma kusan kowacce akwai lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Najeriya, a gefe. To, buga lamba a jikin kwali ba wani aiki ba ne, mai injin ɗab'i zai yi dubu a dare ɗaya. Aikin yana wajen tabbatar da cewa lambar ta wannan kayan ce, ba aro aka yi ba. Amfanin Greenbook ke nan.

Manhajar ta hukumar ce da kanta, kyauta ce, akwai ta a Play Store da App Store, akwai kuma shafinta na intanet ga wanda wayarsa ta cika. A ciki an tara kayan da aka yi wa rajista: magunguna, alluran rigakafi, kayan aikin asibiti, magungunan dabbobi, da rukunin da ya shafe mu, wato na tsirrai da ƙarin sinadaran abinci. Ana neman kaya da sunansa na kasuwa, ko da sunan sinadarin da ke ciki, ko da lambar rajista.

Nema da lambar ya fi. Ka rubuta ta yadda take a kwalin, har da ɗan layin da ke tsakiya, ka kuma lura kada ka sa harafin O a gurbin sifili, don wannan kaɗai ya isa ya sa manhajar ta ce ba ta san kayan ba. In sakamako ya fito, kada ka yi hamdala ka rufe wayar. A nan yawancin mutane ke yin sake. Ajiye kwalbar kusa da wayar ka bi su ɗaya bayan ɗaya: sunan ya zo daidai? Ƙarfin fa, miligiram 500 ne a duka biyun ko kwalbar ta ce 1,000? Kafso ne, ƙwaya ce, ko na ruwa? Kamfanin da ya yi rajistar shi ne wanda aka rubuta a kwalin? Sannan matsayin rajistar, tana aiki ko wa'adinta ya ƙare? Dabarar masu jabu da aka fi sani ita ce ɗauko lambar wani kaya na gaske su manna a nasu. Lambar za ta fito a manhaja tsaf, amma sai ka ga ta maganin tari ce alhali kai kafson ƙarin ƙiba ne a hannunka. Wannan kamun kaɗai ya biya kuɗin datar.

Idan kuwa babu abin da ya fito, ba lallai jabu ba ne, domin kayan da aka yi wa rajista a matsayin abinci ko abin sha ba dole su bayyana a nan ba. Amma daga wannan lokacin mai shago ne zai yi bayani, ba kai ba. In bai da shi, mayar masa da kwalbarsa.

Akwai wani harafi da ya kamata kowa ya iya karantawa. Kayan tsirrai da yawa lambarsu na farawa da A7 ta ƙare da L. Wannan L ɗin na nufin an sa kayan a jeri ne bayan an duba cewa shan sa ba ya cutarwa, izinin kuma na shekara biyu ne, ba biyar ba kamar cikakkiyar rajistar magani. Ba ya nufin hukumar ta shaida cewa yana maganin basir, ko ciwon suga, ko rashin haihuwa. Shi ya sa ake tilasta wa masu irin waɗannan kayan su rubuta a kwali cewa NAFDAC ba ta tantance iƙirarinsu ba. Sukan rubuta, amma da ƙananan haruffan da sai mai ido ya gani. Mai talla da lasifika a tasha yana ihun "NAFDAC ta amince" bai yi ƙarya tsagwaronta ba, rabin zancen kawai ya haɗiye. Manhajar ma ba ta fito da wannan bambancin ƙarara ga wanda bai riga ya san shi ba, kuma a ganina nan ne babban gibinta.

Gibi na biyu: in mai jabu ya kwaikwayi kwalin kaya na gaske baki ɗaya, suna da lamba da kamfani, Greenbook ba ta da idon ganewa. Tsarin kankare lamba a aika ta saƙon waya, wanda hukumar ta fara a 2010, shi ke maganin wannan, sai dai an fi samun sa a magungunan zazzaɓin cizon sauro da na kashe ƙwayoyin cuta, ba a kwalaben bitamin ba. Me ya rage? Wurin saye. Kemis mai rajista da ke da masanin harhaɗa magunguna a ciki, ba tiren da ya wuni a rana ba. Yawancin waɗannan kaya an rubuta a ajiye su ƙasa da digiri 30, ga shi zafin watan Afrilu a Arewa na haura 40. Fasa kafson man kifi guda ka sansana: in yana warin tsohon mai, ya lalace, ko da lambarsa ta fito sau goma. Kafson da suka manne da juna a gindin kwalba ma labarinsu ɗaya.

Kayan da ake shigowa da su daga Amurka a jaka a sayar ta WhatsApp da Instagram, su ba ma za ka same su ba, don ba su bi ta hukumar ba. A can ɗin ma, tun dokar 1994, hukumar abinci da magunguna ta Amurka, wato FDA, ba ta amincewa da irin waɗannan kaya kafin su shiga kasuwa, saboda haka kwalbar da ke taƙama da amincewar FDA ita ce abar zargi. Abin da ake dubawa shi ne tambarin USP ko na NSF, ƙungiyoyi masu zaman kansu da ke gwada ko abin da aka rubuta shi ne a ciki, kuma kowacce na da jerin kayan da ta tantance a shafinta. Mazauna Nijar ko Gana su sani cewa Greenbook rajistar Najeriya kawai ta sani.

Sai lissafi, wanda manhajar ba za ta yi maka ba. Kwalbar ƙarin jini za ta ce miligiram 200, amma wannan nauyin haɗin sinadarin ne gaba ɗaya. A ferrous sulphate ainihin sinadarin ayon ɗin, wato mai ƙara jini, wajen miligiram 65 ne, a ferrous gluconate mai 300 kuwa wajen 35. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba mai juna biyu shawarar miligiram 30 zuwa 60 na ayon da maikirogiram 400 na folik asid kullum, wanda shi ne abin da ake bayarwa wajen awo. Macen da ta ɗora tonik na kemis da bitamin na 'yar'uwarta a kan wannan tana ninka abin ne, sakamakon kuma tashin zuciya da taurin bayan gida, har ta watsar da duka. Kalsiyam ma haka: miligiram 1,250 na calcium carbonate 500 ne na gaske. Bitamin D ana rubuta shi da ma'auni biyu, maikirogiram da IU (ma'aunin ƙasa da ƙasa), maikirogiram 1 daidai yake da IU 40, kuma iyakar babba a rana IU 4,000 ce, don haka kafso mai IU 50,000 ba na sha kullum ba ne sai likita ya tsara. Bitamin A nau'in retinol in ya wuce IU 10,000 a rana yana iya nakasa ɗan tayi. Zink kada ya wuce miligiram 40 ga babba.

Haɗi ma na da nasa. Shayi na hana jiki tsotse ayon, a raba su da aƙalla awa ɗaya ko biyu. Ayon da kalsiyam da zink na kama magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su ciprofloxacin da tetracycline a ciki su hana su aiki, sai a yi ta cewa maganin taifot ɗin jabu ne. Mai sikila kuwa folik asid yake buƙata, kada a ɗura masa ayon don an ga idonsa ya yi fari, musamman in ana yi masa ƙarin jini, sai an auna an ga ya rasa.

Rukuni uku ne ko lamba ta fito sai an yi kaffa-kaffa: na ƙarfin maza, na ƙiba, da na rage ƙiba. An sha kama su da maganin asibiti a ɓoye. A zumar maza da kofinsu akan sami sildenafil, maganin ƙarfin maza na asibiti, wanda in ya haɗu da maganin ciwon zuciya nau'in nitrate sai jini ya faɗi warwas. A na ƙiba akan sami dexamethasone, kumburin fuska da hawan jini da suga ne ake ɗauka ƙiba. A shayin rama an sha samun sibutramine, wanda aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda bugun zuciya da shanyewar jiki. Alamar ita ce saurin aiki. Ba kasafai ganye ke yin irin wannan aikin cikin rabin awa ba.

Wani abin da ba za ka gani a manhajar ba shi ne asalin ɓawon kafson. Jelatin daga saniya ake yin sa, ko kifi, ko alade, kuma sai a kwalin za a duba ko akwai tambarin halal ko an ce na tsirrai ne.

Da Turanci take, tana kuma buƙatar data, abin da zai sa dattijuwa a ƙauye sai ta nemi jika. Duk da haka ta cancanci gurbi a waya, musamman ga masu ƙananan kemis da ke saro kaya da yawa: a duba kafin a biya dila, ba bayan kaya sun iso ba. A haɗa ta da Med Safety, ɗaya manhajar da NAFDAC ta ƙaddamar a 2020 don kai rahoton illar magani. Wanda ya sha wani abu ya ga ƙuraje, ko bugun zuciya, ko idonsa ya yi rawaya, ya daina sha nan take ya je asibiti da kwalbar a hannu. Kada a jefar da kwalin, domin lambar rukunin da aka sarrafa kayan da ranar ƙarewar wa'adinsa suna jiki, kuma da su ake bin sawun sauran kwalaben da ke kasuwa.