Na shiga beta na New World: abin da sabon shiga ya kamata ya sani

Jama'a tun da aka rufe beta (wato gwajin gem kafin fitowarsa) na New World, gem ɗin intanet na kamfanin Amazon, ran 2 ga Agusta 2021 mutane suka yi ta tambaya ta wai ya gem ɗin yake, ya cancanci dala 40 ɗin da ake sayar da shi a lokacin ko a'a. To a lokacin da nake wannan rubutun Amazon sun ce za su sake buɗewa ga kowa da kowa daga 9 zuwa 12 ga Satumba 2021, wannan karon ba sai ka biya ba, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta gaba ɗaya in huta da amsa ɗaiɗai.

Na farkon da aka fara 20 ga Yuli 2021 rufaffe ne, hanya mafi sauƙi ta shiga ita ce ka sayi gem ɗin tun kafin ya fito, ni ta Steam, kasuwar gem ta intanet, na saya. Na Satumban 2021 kuwa sai ka je shafin gem ɗin a Steam ka nemi a ba ka dama, shi kenan. Amma fa ka sani a 2021 na kwamfuta ne kawai, babu shi a waya, kuma kamfanin sun rubuta cewa yana son Windows 10, RAM aƙalla giga 8 da fili giga 50. Maganar data ita ce babbar magana a wajenmu, ni dai kwana biyu na yi ina saukewa da tsakar dare, ga ɗauke wuta ga netwok da ke tafiya kamar hawainiya, duk wanda ya jira sai ranar buɗewa sannan ya fara saukewa wallahi kafin ya gama an rufe ƙofa, kwana huɗu ne fa kacal.

Wajen zaɓar saba, wato na'urar da 'yan wasa ke haɗuwa a kanta, kar ka yi kuskure. A lokacin babu ko ɗaya a Afirka, akwai gabashi da yammacin Amurka, Turai ta tsakiya, Kudancin Amurka da Ostireliya. Mu Turai ce mafi kusa da mu, ita za ka ɗauka, kuma in kuna da yawa ku yi shawara ku shiga guda ɗaya tun farko don in kun rabu ba za ku haɗu ba. Sabobin da manyan masu yaɗa wasa a Twitch suka cika kuma ka guje su, layin shiga ne kawai za ka tarar.

Labarin dai jirgin ruwanku ne ya tarwatse ka farka a gaɓar wani tsibiri mai suna Aeternum, a ba ka takobi da garkuwa, ka sassare wasu gawarwaki masu tafiya, daga nan a koya maka tsintar dutsen ƙanƙara da itace ka haɗa wuƙa, ka farauci gursunu ka gasa. Labarin ba wani abin a zo a gani ba ne, gaskiya ni tsallake surutun nake yi. Ayyukan da ake aikenka ma kusan iri ɗaya ne, je ka kashe kaza ka buɗe akwati kaza ka dawo, kuma a lokacin babu doki babu jaki, da ƙafa za ka yi ta sintiri sai dai in ka tara Azoth, wani sinadari da ake samu a gem ɗin, ka biya a cilla ka wani gari.

Amma inda gem ɗin nan ya kama ni shi ne daji. Kai! Ranar da na haɗa gatari na sari bishiyar farko na ji ƙarar faɗuwarta, sannan can nesa ina jin wani yana dukan dutse da diga amon yana dawowa ta cikin kwari, sai na manta da aikin da aka aike ni. Awa uku na yi ina yankar rama da lauje ina bin talotalo ina haƙar ƙarfe, na koma gari na narka na saƙa na ɗinka riga da hannuna. Kusan duk abin da ka gani a tsibirin yana ɗebuwa, kuma kasuwar 'yan wasa ce zalla, abin da wani ya ƙera shi wani ke saya. Sai dai a lokacin kowane gari da rumbunsa da kasuwarsa, in ka ajiye kaya a garin Windsward kar ka je garin Everfall kana nema. Wannan ya ba ni wahala kafin in gane, laifina ne ban karanta ba.

Faɗa kuma a lokacin babu wani zaɓen cewa kai mayaƙi ne ko boka tun farko, makamin da ka riƙe shi ne kai. Biyu ake ɗauka, akwai mashi, guduma, babban gatari, baka, sandar wuta, sandar warkarwa, har da bindiga irin harba-ka-ruga ta maharba. Ana kaucewa ana tarewa da hannu, nauyin sulkenka shi ke nuna ko za ka yi birgima ko ɗan tsalle kawai. A nan ne nisanmu da Turai ke nunawa, don wani lokaci ka kauce a allonka amma dukan ya riga ya same ka. Da dodannin daji ba matsala sosai, amma in ka kunna faɗa da mutane kana riƙe da baka ko bindiga sai haƙuri. Ni na koma guduma da sandar warkarwa, kowa na neman mai warkarwa, musamman in za a shiga ramin Amrine da mutum biyar ke shiga wajen mataki na 25.

A beta, kafin mataki na 20 sake rabon makin ƙarfin da kake samu in ka hau mataki kyauta ne, to ka gwada komai. Kuma kar ka hana idonka barci wajen tara dukiya, duk abin da ka tara a beta sharewa za a yi kafin fitowar gem ɗin ran 28 ga Satumba 2021. Akwai wani abokina da ya kwana uku yana tara kuɗin sayen gida, da na gaya masa sai da ya yi shiru na minti guda a waya.

Ƙungiyoyi uku ne, Marauders masu kore, Syndicate masu shunayya, Covenant masu ruwan ɗorawa, su ke yaƙin mutum 50 da 50 a kan garuruwa, a lokacin wanda ya ci shi ke yanka haraji. Ban samu shiga yaƙin ba, shugaban rundunar ne ke zaɓen mutane kuma nasa yake ɗauka, kamar dai rabon muƙami.

Sai maganar da ta tsorata mutane, cewa wasu katunan hoton kwamfuta RTX 3090 na kamfanin EVGA sun mutu ana cikin wasan. Ya faru, EVGA sun ce za su musanya, Amazon kuma suka sa wa allon farko iyakar gudu. Mu masu tsohuwar laftof ba wannan ne damuwarmu ba, zafi ne, ka rage ingancin hoto zuwa ƙasa ka ɗaga ta daga kan katifa.

Shin zan ce a saya? A 2021 biya ɗaya ne babu na wata-wata, wannan ya yi. Amma shawarata a lokacin ita ce ka bari ka gwada na kyautan Satumban 2021 tukuna ka ga ko na'urarka da layinka za su ɗauka. In ka shigo saba ɗin Turai ka ga wani mai guduma yana bin talotalo a bayan Windsward, ni ne.